Kafin Ka Raba Babbar Lamba, Ka San Abin da Ke Cikinta

Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon kuɗin albasa a Tunfafi ko Sabon Gida ya san yadda abin ke kasancewa. Mota ta sauke kaya a Abijan ko Kumasi, kuɗi sun dawo, mutum goma sha biyu da suka zuba jari daidai wa daida sun zauna a kan tabarma, sai wani saurayi ya zaro waya ya danna. Waya ta ce kowa zai samu 364583,3333. Daga nan sai ƙananan maganganu, domin babu wanda ya taɓa riƙe waɗannan uku-ukun a hannunsa. Wayar ba ta yi ƙarya ba, amma abin da masu rabo ke son ji dabam ne: shin kuɗin suna rabuwa daidai? In ba su rabuwa, nawa ne zai yi saura? Wannan kuwa ana iya gane shi da ido da ɗan tsinke a ƙasa, tun kafin a taɓa kuɗin, in mutum ya san inda zai duba a jikin lamba.

Abu na farko, ka tabbata lambar da kake karantawa ita ce aka rubuta. A Nijar, bisa tsarin Faransanci, ɗigo ko fili ne ke raba dubbai, waƙafi kuma yana nuna ɓarin da bai kai ɗaya ba. A Najeriya akasin haka ne. Tun ranar 1 ga Janairun 1999 kuɗin yuro ɗaya yake daidai da sefa 655,957 a rubutun banki, wato sefa ɗari shida da hamsin da biyar da ɗan ɗori, amma ɗan kasuwar Sakkwato zai iya karanta shi dubu ɗari shida da hamsin da biyar da wani abu. Ni a nan waƙafi zan yi amfani da shi wajen raba dubbai, kamar yadda jaridun Hausa suka saba. Sannan ka tambaya: da sefa ake magana ko da dala? Takarda tana magana da sefa, baki yana magana da dala, kuma dala ɗaya sefa biyar ce. In za ka mayar da sefa dala, ninka ta biyu ka yar da sifirin ƙarshe: 7,000 ta zama 14,000, ta zama dala 1,400. In kuma dala za ka mayar sefa, ƙara sifiri ka raba biyu. Rigingimun rabo da yawa daga nan suke tasowa, ba daga lissafin kansa ba.

Don gwaji, bari mu ɗauki lambobi uku na gida. Ƙidayar jama'a ta huɗu da aka yi a watan Disambar 2012 ta ba gundumar Madawa mutum 545,538, Buza 445,363, Keita kuma 337,098. Yau mutane sun fi haka nesa ba kusa ba, amma mu jikin lambobin muke so, kuma kowace da halinta.

Ka soma daga wutsiya. Alƙalamin ƙarshe kaɗai ya isa ya gaya maka ko lamba shafa'i ce ko wutiri, abin da tsofaffi ke kira cika da mara. Madawa da Keita sun ƙare da 8, suna rabuwa biyu. Buza ta ƙare da 3, ba ta rabuwa. Babu wadda ta ƙare da 0 ko 5, saboda haka babu mai rabuwa biyar. Don rabo huɗu, alƙaluma biyu na ƙarshe za ka duba, domin kowace ɗari tana rabuwa huɗu: 38 da 98 duk suna barin biyu, to Madawa da Keita ba su rabuwa huɗu, balle takwas. Na takwas ɗin, alƙaluma uku na ƙarshe ake dubawa, tunda dubu takwas ce sau 125. Mai riƙe da asusu ya ƙara da wannan: kuɗin da suka ƙare da 00, 25, 50 ko 75 ne kawai za a iya biya da 'yan dala biyar-biyar ba tare da neman ƙaramin canji ba, kuma kowa ya san wahalar samun dala ɗaya ko biyu a kasuwar ƙauye.

Wutsiya tana faɗin wani abu kuma. Lambar da aka samu ta hanyar ninka wata lamba da kanta, wato murabba'i, irin su 36, 400 ko 1,296, ba ta taɓa ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8. Ke nan lambobinmu uku babu murabba'i a cikinsu, kuma ba mu danna komai ba. Wannan rarrabewa ta shafa'i da wutiri da murabba'i ba baƙuwa ba ce a zaurukanmu. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 a kan yadda ake gina hatimi mai layukan wutiri, wanda kowane layi nasa ke ba da jimla ɗaya.

Bayan wutsiya sai ka haɗa alƙaluman duka. Na Madawa: 5 da 4 da 5 da 5 da 3 da 8, talatin ke nan. Talatin tana rabuwa uku, to lambar ma tana rabuwa uku. Talatin ba ta rabuwa tara, to lambar ma haka, kuma ukun da ya rage a talatin shi ne zai rage in ka raba 545,538 gida tara. Keita ma talatin ta bayar. Buza ta ba da 25, wadda ke barin ɗaya in an raba ta uku. Dalilin dabarar ba ɓoyayye ba ne. Goma tara ce da ɗaya, ɗari casa'in da tara ce da ɗaya, dubu ma haka; duk inda alƙalami ya tsaya, in aka kwashe tara-tara, shi kansa ne ke saura.

Bakwai ce ke ba mutane wahala, kuma ita ce ta fi yawan fitowa, ko don kwanakin mako. Akwai dabara ɗaya da ke gama da bakwai da goma sha ɗaya da goma sha uku a lokaci guda, domin 7 sau 11 sau 13 shi ne 1,001. Yanka lambar uku-uku daga dama, ka ɗebe wani yanki daga wani. Madawa: 545 a ɗebe 538, saura 7. Bakwai tana rabuwa bakwai, to 545,538 tana rabuwa bakwai, kowane kaso 77,934. Ba ta rabuwa 11 ko 13. Keita: 337 a ɗebe 98, saura 239, wadda babu ɗaya cikin ukun da ke raba ta. Buza: 445 a ɗebe 363, saura 82, ita ma haka. In yankunan sun kai uku, sai ka riƙa ɗebewa kana ƙarawa bi da bi. Jihar Tawa gaba ɗaya a waccan ƙidaya mutum 3,328,365 ce: 365 a ɗebe 328 a ƙara 3, an samu 40, to bakwai da sha ɗaya da sha uku duk ba su shiga. Amma ta ƙare da 5, alƙalumanta sun haɗu talatin, don haka tana rabuwa goma sha biyar, kowane kaso 221,891.

Yanzu sai a rushe lamba a ga tubalan da aka gina ta da su. Tubali a nan shi ne lambar da babu mai raba ta sai ɗaya da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23 da sauransu. 'Yan makarantar boko sun san ta da sunan nombre premier. Ni ina kiranta gagara-rabo. Raba 545,538 biyu, ka samu 272,769. Raba wannan uku, 90,923. Raba bakwai, 12,989. Daga nan sai haƙuri: 17, 19, 23 da 29 duk sun ƙi, 31 ta shiga ta bar 419, ita kuwa 419 gagara-rabo ce. Ke nan Madawa ita ce 2 sau 3 sau 7 sau 31 sau 419. Keita ta fi ta rowa: 2 sau 3 sau 19 sau 2,957.

Amfanin wannan wahala shi ne, da zarar ka ga tubalan, ka san dukkan hanyoyin da lambar ke rabuwa. Madawa tana rabuwa 6, 14, 21, 42, 62, 93 da duk abin da za ka iya haɗawa daga tubalanta biyar. Kowane tubali ko ka ɗauka ko ka bari, zaɓi biyu ke nan sau biyar, wato hanyoyi 32. Keita mai tubali huɗu tana da 16. In tubali ya maimaitu, zaɓin yana ƙaruwa: 4,368 ita ce 2 sau huɗu a jere, da 3 da 7 da 13, to biyun kaɗai tana ba da zaɓi biyar, jimla 5 sau 2 sau 2 sau 2, hanyoyi 40. Lambar da ba ta kai dubu biyar ba ta fi ta rabin miliyan sauƙin rabo. Girman lamba ba ya nuna kyautarta.

Masana na dā suna kuma auna lamba da jimlar masu raba ta, ban da ita kanta. Shida tana rabuwa da 1, 2 da 3, waɗanda suka haɗu shida cif, sai suka kira ta cikakkiya; 28, 496 da 8,128 ma haka suke. Wadda masu raba ta suka zarce ta, mai yalwa ce. Wadda suka gaza, mai ƙaranci. Madawa da Keita masu yalwa ne, kuma ba sai ka haɗa komai ba: duk lambar da ke rabuwa shida, rabinta da sulusinta da sudusinta sun riga sun cika ta, sauran kuwa ɗori ne.

Buza fa? Nan ne abin ya yi daɗi. Biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku, duk sun ƙi. Ka ci gaba da 17, 19, 23, har ka wuce ɗari, ba wadda ta shiga. Tambayar ita ce, a ina za ka tsaya? Ba sai ka kai rabin lambar ba. In lamba tana rabuwa, to ɗaya daga cikin biyun da aka ninka aka same ta ba zai wuce lambar da in ka ninka ta da kanta za ta kai can ba. 667 sau 667 shi ne 444,889. 668 sau 668 ya wuce, 446,224. To gwaji ya tsaya a 667, kuma gagara-rabo kaɗai za ka gwada, su 121 ne daga 2 zuwa 661. Malamin lissafin nan na Marakish, Ibn al-Banna, wanda ya rasu a 1321, yana cikin waɗanda suka rubuta wannan ƙa'ida ta inda ake tsayawa. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya za ka tarar 199 da 373 sun kusa, kowace ta bar ɗaya tak, amma babu wadda ta shiga. Lambar 445,363 gagara-rabo ce. Mutanen Buza na waccan shekara, daga Karofane har Tabotaki, ba za su jeru sahu-sahu daidai ba ko ta yaya aka juya su. Kada wani ya ɗauki wannan wata alama. A wajejen lambobi masu wannan girma, kusan ɗaya cikin kowace goma sha uku haka take. Gagara-rabo mafi girma da aka sani an gano ta a watan Oktoban 2024, tana da alƙaluma 41,024,320. Wahalar rushe manyan lambobi zuwa tubalansu ita ce kuma ginshiƙin tsarin RSA na 1977, ɗaya daga cikin hanyoyin da ake kulle bayanan kuɗi a intanet.

Abin da ya kamata manomi ko ma'aji ya riƙe shi ne maƙwabciyar gagara-rabo. Duk gagara-rabon da ta wuce uku, ko ta gabanta ko ta bayanta tana rabuwa shida. Cire mutum ɗaya daga Buza, 445,362 ta zama 2 sau 3 sau 199 sau 373. Tun aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka soma a 1984 da kuɗin Italiya, mutanen Adar sun saba da jera ramuka da dashe a layi. A ce an kawo maka dashe 1,297 ka jera a fili. Kada ka ɓata yini kana gwada layuka, lambar ba ta rabuwa. Ware guda ka dasa a bakin hanya, sauran 1,296 su ba ka layi 36 na 36-36, ko 27 na 48, ko 24 na 54, yadda filin ya ba da hali.

Mu koma ga kuɗi. A ce mota ta ɗauki buhu 312, an sayar da kowane a kan 14,000, an samu 4,368,000. Kada sifirai su ruɗe ka, mayar da su jika, wato dubu-dubu: jika 4,368. Ka riga ka san tubalanta. Mutum bakwai, kowa jika 624. Mutum goma sha biyu, 364. Goma sha uku, 336. In kuwa abin da ya dawo 4,375,000 ne, mutum goma sha biyu, haɗa alƙaluma ka samu 19, ka san tun yanzu za a yi saura, sai ka faɗa wa jama'a kafin a fara ƙirga. Raba manya tukuna: kowa jika 364, saura jika bakwai. Jika bakwai dala 1,400 ce, kowa dala 116, saura dala takwas. Ga amsar da waya ta ɓoye cikin uku-uku: kowa sefa 364,580, ragowa sefa 40. Ni da za a bi tawa, a ba kowa dala 115, a bar dala ashirin cif a asusu, a huta da neman canji. In da waya kake aiki, ɗauki abin da ya zo kafin waƙafin da waya ta nuna kawai, ninka shi da yawan mutane, ɗebe daga jimla, ragowar ta fito.

Inda ragowa za ta tafi kuwa, a yanke shi ranar da aka kafa ƙungiya, ba ranar rabo ba. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a yankin Maradi a 1991 tare da CARE, suna zubi mako-mako su fasa asusu a ƙarshen zango. Duk wata ƙungiya irin wannan, ko adashen 'yan kasuwa, tana da zarafin zaɓen adadinta tun farko. Mutum 24 ko 30 sun fi 23 ko 29 sauƙin sha'ani, domin 24 tana kasuwa gida 2, 3, 4, 6, 8 da 12, alhali 23 ba ta kasuwa ko kaɗan. Ba na cewa a kori mace ta ashirin da biyar saboda lissafi; cewa nake a san da ragowa, a rubuta makomarta.

Malaman gado sun daɗe da sanin darajar 24. Kason da aka ƙayyade su ne rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi, kuma 24 ce ƙaramar lambar da dukkansu ke fita daga cikinta ba gutsure. A ce mutum ya rasu ya bar mata, uwa, uba, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, mata tana da 3 cikin 24, uwa 4, uba 4, saura 13 na 'ya'ya. 'Ya'yan kaso biyar ne, tunda kowane namiji yana da biyu. Goma sha uku ba ta rabuwa biyar, sai a ninka 24 sau biyar a koma 120: mata 15, uwa 20, uba 20, kowane ɗa 26, 'ya 13. In dukiyar 2,400,000 ce, kowane kaso 20,000 ne, mata ta tashi da 300,000, 'ya da 260,000. Wane ne magaji, wane ne aka katange, wannan hukuncin malami ne da alƙali, kada ka sa baki in ba ka karanta ba. Amma lissafin kana iya bin sawunsa, kuma ya kamata magada su bi.

A nan akwai ramin da masu ɗan sani ke faɗawa. Don gane ko lamba tana rabuwa 12, sai su gwada 2 da 6. Kuskure ne: 18 tana rabuwa biyu, tana rabuwa shida, ba ta rabuwa goma sha biyu. Dole lambobin da za ka gwada su kasance ba su da tubali ɗaya tsakaninsu. Na 12, gwada 3 da 4. Na 24, 3 da 8. Na 120, 3 da 8 da 5. Na zakkar kuɗi, ɗaya cikin arba'in, 8 da 5.

In an gama lissafi, a auna shi da tara kafin kowa ya sa hannu. Haɗa alƙaluman kowace lamba har su koma alƙalami ɗaya. Buhu 312 ya ba da 6, farashi 14,000 ya ba da 5, shida sau biyar talatin, wato 3. Amsar, 4,368,000, ta haɗu 21, wato 3. Sun dace. Haka ma a jimla: Madawa 3, Buza 7, Keita 3, sun haɗu 13, wato 4, jimlar gundumomin uku 1,327,999 ta haɗu 40, wato 4. In ba su dace ba, tabbas akwai kuskure. In sun dace, ba shaida ce cikakkiya ba, domin awon tara ba ya ganin sifirin da ya ɓace ko ya ƙaru, wanda a harkar kuɗi shi ne mafi tsada, kuma ba ya ganin alƙaluman da suka yi musayar wuri. Sifiri sai ka kama shi da kintace: buhu ɗari uku a kan jika goma sha huɗu ba zai gaza miliyan huɗu ba. Musayar wuri kuwa tana da tata alama. In littafin ma'aji da na magatakarda sun saɓa, ɗebe ƙarami daga babba. In bambancin yana rabuwa tara, kamar 45 da ke tsakanin 545,538 da 545,583, kada a fara zargin kowa, a bi layi-layi a nemo inda hannu ya rubuta 83 a maimakon 38.